Rana a Kuncin Hagu

Wani wuri a hamadar Masar
9 ga Nuwamba, 1941

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙirjin naka yanzu da sanyi ya shigo? 'Yar'uwata Hettie tana dai tsare ka kana shan maganin? Ka gaishe ta, ka gaida mutanen coci, in kuma ka haɗu da yaran aji huɗu a hanya ka ce musu malaminsu bai manta da su ba. Ni lafiyata lau, sai dai fatar hancina da ta saɓule har sau biyu.

Yau kwanana tara a rundunar jiragen yaƙi. Ba zan faɗi inda muke ba, ko na faɗa ma ba zai iso maka ba, domin duk wasiƙar da saje irina ya rubuta sai hafsa ya karanta ta, ya shafe abin da bai kamata ya fita ba da baƙar tawada, sannan ya sa hannu. Mai karanta tawa shi ne Kyaftin Rory Kinloch, shugaban rukuninmu, kuma shi nake bi a sama. Ɗan makiyayan tumaki ne daga tsaunukan Sikotlan. Shekararsa ashirin da biyar, amma Tsoho ake ce masa, don babu wanda ya daɗe a nan kamarsa. Ranar da na zo ya duba takarduna, ya ga na koyar da labarin ƙasa shekara guda kafin yaƙi, sai ya ce wa sauran, "To ga shi an kawo mana Malam. Yanzu ko mun ɓata akwai mai gaya mana sunan dutsen da muka faɗa a kai." Tun daga nan ban sake jin an kira ni Wilfred ba.

Aikina kai ne za ka fi kowa saurin gane shi, Baba, kai mai gyaran agogo, domin matuƙa sun mai da sararin sama fuskar agogo. Gaban jirgi ƙarfe sha biyu ne, dama ƙarfe uku, hagu ƙarfe tara, baya kuma ƙarfe shida. Bibbiyu muke tashi. Na ɗaya shi ke farauta, na biyu kuwa ba shi da aiki sai tsaron ƙarfe shidan na ɗaya. Kinloch ya yi mini bayanin a taƙaice: "Ba na bukatar ka harbo kowa, Malam. Ka fita da ni, ka dawo da ni. In ka yi wannan ka ci jarrabawa." Shi ke nan abin da aka ɗora mini a yaƙin nan, in dawo da mutum ɗaya gida.

Agogon da ka ɗaura mini a tashar jirgin ƙasa yana tafiya daidai, yashi bai shige shi ba. Ban canja shi zuwa lokacin nan ba, na bar shi a lokacinku, ina ƙara awa ɗaya a kaina. Haka nake sanin lokacin da kake ɗaga ƙyauren shago da lokacin da Hettie take kawo maka shayi. Ina yawan tuna layin tagullar da Kaka ya kafa a daɓen shago, da 'yar hudar nan ta jikin taga. Ka tuna yadda kake tsayar da ni ina ƙarami, mu jira ɗigon haske ya rarrafo har ya hau layin, sannan ka ce yanzu ne tsakar rana, rana tana kudu sak, duk agogon da ya ce wani abu daban shi ne mai ƙarya? Na ba yaran ajina wannan labari ya fi sau goma.

Bari in ba ka labarin wata na'ura da za ta burge ka, wato kamfas ɗin jirginmu. Yana tsakanin gwiwoyin matuƙi, kamar kwanon miya. A samansa akwai zobe mai layuka biyu. Kana juya zoben zuwa inda kake son zuwa, sannan ka karkata jirgi har allurar ta kwanta tsakanin layukan, jan kanta ya haɗu da jar alamar zoben. Illarsa ɗaya ce. In wutsiyar allurar ce ta haɗu da alamar, allurar za ta kwanta tsakanin layukan dai kamar komai daidai ne, alhali ka juya wa gida baya. Ka ɗauka agogo ne mai hannu ɗaya da bakinsa biyu suka yi kama, ba ka san ko sha biyu yake nufi ko shida ba. Kinloch ya ce babu matuƙin da bai taɓa yin wannan kuskure ba. Na ce masa wanda ya koyar da gabas da yamma a gaban allo ba zai yi ba. Ya dube ni kawai ya ci gaba da hura shayinsa.

Abinci naman gwangwani ne da biskit, gobe kuma biskit da naman gwangwani. Ruwa kofi huɗu a yini, har da na aski. Amma kada ka damu, ban taɓa jin ina raye kamar yanzu ba.

Ka huta lafiya.
Ɗanka mai ƙaunarka,
Wilfred


23 ga Nuwamba, 1941

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata kai da Hettie kuna nan lafiya. Wasiƙarka ta watan jiya ta iso, tare da ɗankwalin siliki na marigayiya Mama da Hettie ta sako. Ka ce mata kada ta ji kunyar furannin da ke jiki. Mai tsaron ƙarfe shida wuyansa ba ya hutawa, kwalar riga har jini take fitar masa, kuma siliki ne maganin abin. Mutane uku sun riga sun nemi in ara musu.

An fara babban gumurzu kwana biyar da suka wuce, kuma na ga yaƙin sama da idona. Ina so in gaya maka yadda yake tun kafin in saba da shi, don na lura waɗanda suka saba ba sa iya ba da labarinsa.

Mun tashi da hantsi mu goma sha biyu. Muka yi ta hawa har sanyi ya fara cizon yatsuna ta cikin safar hannu. A can sama hamada ba ta kama da taswirar da na rataya a aji. Launinta kamar bayan zaki, ga tsofaffin hanyoyin ruwa sun yi rassa a jikinta kamar jijiyoyin ganye, ruwan da ya ƙafe tun kafin a gina coci na farko a ƙasarmu. Daga arewa teku, shuɗi mai duhu, an ja masa farin layi a baki. Na ga inda ƙasa ta fara lanƙwasa, Baba. Shekara guda ina gaya wa yara duniya ƙwallo ce, ashe ni kaina ban yarda ba sai ranar. Tankokin yaƙi na ɓangarorin biyu suna can ƙasa kamar ƙwari a kan tabarma, har mutum ya ji nauyin cewa saboda su aka zo.

Sai na hangi wasu fararen zare huɗu a samanmu, siraran gaske, ana jan su a hankali a kan shuɗin sama. Na tsaya ina sha'awarsu na ɗan lokaci kafin in tuna cewa kowane zare akwai jirgin Jamus a bakinsa. Na danna rediyo na faɗa, ƙarfe biyar, sama. Muryata ta fito kamar ta yaron da aka tsayar ya yi karatu. Kinloch ya amsa kamar mai tambayar gishiri a tebur: "Na gan su. Ku jira. Ku jira. Yanzu, dama."

Abin da ya biyo baya bai kai minti uku ba. Na ja sandar tuƙi har jini ya gudu daga kaina, duniya ta yi toka-toka. Sama da ƙasa suka riƙa musayar wuri. Wani jirgi mai rawayan hanci ya gifta ta gabana, kusa har na ga tabon mai a cikinsa, na ga kan matuƙin ya juyo yana dubana kamar yadda nake dubansa. Kada ka yi fushi da ni in na ce kyakkyawa ne. Harsasai masu wuta suna tasowa a hankali kamar ana jefo lemo, sai sun zo daf da kai su wuce kamar walƙiya. Ni dai wutsiyar Kinloch na riƙe da ido, duk inda ta yi na yi.

Daga nan sai abin da ya fi ba ni tsoro da mamaki. Na daidaita jirgi na duba, babu kowa. Sararin da yanzun nan yake cike da jirage kusan ashirin ya zama fayau, daga ni sai Kinloch sai wani dogon hayaƙi da ke tsaye a iska kamar an kafa shi. Kowa ya ce haka yake yi kullum, kuma babu wanda ya san inda jiragen suke shiga. Na ji kamar na shiga babban coci bayan an tashi, na kuma ji ƙanƙantata yadda ban taɓa ji ba.

Hayaƙin nan na ɗaya daga cikinmu ne. A tantin taro akwai allo da ake rubuta sunayenmu da alli. Da yamma magatakarda ya zo da tsumma ya goge layi ɗaya. Na goge allo sau dubu a rayuwata, ban san zai iya yin nauyi haka ba.

Ban harba ko harsashi ɗaya ba, makanikina ya ga bakin bindigogin a rufe yadda ya liƙe su. Na ji kunya, amma Kinloch ya daki kafaɗata ya ce, "Na waiwaya sau shida, sau shida na gan ka. Je ka sha shayi." Ya kuma ce in gaya maka wasiƙuna sun fi na kowa tsawo, suna cinye masa lokacin hutu, amma bayan yaƙi zai zo shago ya ga layin tagullar nan da idonsa, don bai yarda ɗigon haske zai iya ƙaryata agogo ba.

Allah ya kiyaye mana kai.
Ɗanka,
Wilfred


6 ga Disamba, 1941

Baba,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, kai da Hettie. Jikina babu ko ƙwarzane, ka fara sanin wannan kafin ka karanta sauran.

Ban san ranar da wannan takarda za ta tashi ba, domin mai karanta wasiƙuna ba ya nan, kuma ba na son in miƙa ta ga wani. Kinloch bai dawo ba. Jiya abin ya faru.

Mun raka jiragen bama-bamai can yamma, cikin yankin abokan gaba. A hanyar dawowa aka faɗo mana daga cikin rana. Na ga wanda ya nufi Kinloch, na yi kira, ya kauce, amma akwai na biyu a ƙasa da ban gani ba sai da wuta ta fara tashi a hancin jirginsa. Na bi wannan na biyun na danna maɓalli, karo na farko a rayuwata. Jirgina ya girgiza gaba ɗaya, wasu ɓaraguzai suka ɓalle daga fiffikensa, ya juya ya yi ƙasa. Ban san ƙarshensa ba. Sai sararin ya sake zama fayau kamar yadda na gaya maka.

Na matsa kusa da Kinloch. Baƙin mai ya rufe gilashin gabansa, injin yana fitar da farin hayaƙi siriri. Ya yi magana a rediyo, muryarsa a kwance: "Malam, an fasa mini fuska. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan jini ya cika shi. Ina ganin inuwar jirginka ta gefe, iyakarta ke nan. Ka shige gaba ka kai ni gida."

Gida yana gabas. Na sunkuya na juya zoben kamfas zuwa gabas, na karkata har allurar ta kwanta tsakanin layukan. Na ce masa ya biyo ni. Ya manne a gefen fiffikena kamar ɗan rago a bayan uwarsa, mutumin da kwana talatin da biyar nake bin bayansa.

Ƙasa babu alama ko ɗaya, yashi ne da tsakuwa. Ina ta yi masa magana don kada ya suma. Na ba shi labarin yaran ajina, na sa shi ya lissafa mini sunayen karnukan babansa. Rana tana nan tarwal. Na dube ta ya fi sau ashirin, ina kare ta da babban yatsa ina neman abokan gaba a cikinta, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina a wane gefe take ba.

Can sai ya ce, "Malam, ƙarfe nawa a shagon babanka?"

Na duba agogonka. Sha ɗaya da 'yan mintuna, wato a nan tsakar rana ke nan. Sai na gan ka tsaye a kan layin tagulla. Tsakar rana, rana tana kudu. Mai tafiya gabas, kudu tana damansa. Rana kuwa tana dukan kuncina na hagu.

Na sunkuya na duba kamfas. Allurar tana kwance tsakanin layukan, lafiya lau, wutsiyarta a kan jar alama. Minti goma sha biyu ina jan makaho zuwa yamma, zuwa filayen jiragen Jamus.

Zan gaya maka gaskiya, na ɗan yi tunanin in juya da shi a hankali, in yi babban zagaye ba tare da ya sani ba. Amma zagaye mai ne, mai kuwa shi ne ba mu da shi. Na danna rediyo na ce, "Yallabai, na ɗora wutsiya a kan ja. Yamma muke yi. Za mu juya ta dama yanzu." Ya ce, "To, ka shiga sahun mutane. Juya a hankali, kada in rasa ka."

Sha biyu zuwa, sha biyu dawowa, minti ashirin da huɗu ke nan na zubar. Injinsa ya yi ta haƙuri har muka tsallake inda ake gwabzawa, ko kusa da nan, don a kwanakin nan babu wanda ya san inda iyakar take. Saura kamar minti tara mu isa fili, farfelarsa ta tsaya cik. Na ga ruwan wuƙaƙenta uku a tsaye, ina iya ƙirga su.

Ya ce ba zai iya dirowa da laimar sauka ba, hannunsa ɗaya ba ya aiki. Ya ce in zama idonsa. Na zaɓi wani shimfiɗaɗɗen wuri, na sauko tare da shi fiffike da fiffike, ina karanta masa tsayi. Ƙafa ɗari biyar. Ɗan yi hagu. Ɗari biyu. Ɗaga hanci kaɗan. Hamsin. Duk abin da na faɗa sai in ga jirgin ya yi shi nan take, kamar hannuna ne a kan sandar. Ban taɓa ganin mutum ya ba da kansa ga muryar wani haka ba, kuma muryar da ta gama ɓatar da shi. Jirgi marar inji ba ya ƙara, Baba, yana saukowa ne kamar babban tsuntsu da ya gaji. Na ce, "Ja, yanzu." Ya taɓa ƙasa da ciki, ya ja dogon layi a yashi, ya tsaya.

Na zagaya sau biyu. Murfin gilashin da ke kansa bai buɗe ba, rediyo shiru. Can nesa na hangi ƙurar motoci, ban san ko na wane ɓangare ba ne. Allurar maina tana kan sifili. Na sa alama a taswira na tafi, injina ya mutu ina gudu a kan filinmu.

Na gaya wa kwamanda komai, har da kamfas ɗin. Ya rubuta, ya ce in je in ci abinci. An aika mota wurin da safen nan, sun sami jirgin, babu kowa a ciki, jini ya bushe a kujera, ga sawun tayoyi ko'ina. Magatakarda ya zo da tsummansa, na roƙe shi ya bar sunan tukuna. Ya bar shi.

Na yi lissafin ta kowace fuska, amsar ba ta canjawa. Ashirin da huɗu na zubar, tara yake bukata. Abu ɗaya aka ce in yi a yaƙin nan.

[An shafe layi guda a nan da baƙar tawada.]

Ka yi mini addu'a, ka yi masa. Kada ka nuna wa Hettie wannan.

Ɗanka,
Wilfred


21 ga Disamba, 1941
Iskandariyya

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da Kirsimeti, ko da yake na san sai an sha bikin da daɗewa kafin wannan ta iso. Yaya ƙirji? Yaya Hettie? Ka yafe mini shirun da na yi. Za ka sami wasiƙu biyu a ambulan ɗaya, ka fara da ta shida ga wata, sannan ka dawo nan. Sunan garin da na rubuta a sama an yarda da shi, hutu na zo na kwana biyu.

Yana da rai, Baba. Motocin da na hanga na sojojin Indiya ne masu sintiri, su suka fasa murfin suka ciro shi. Aka yi ta miƙa shi daga tanti zuwa tanti, babu takarda a jikinsa mai karantuwa saboda jini, shi kuma ba ya cikin hayyacinsa. Kwana goma sha ɗaya labarin ya yi kafin ya iso mana. A kwanakin nan na tashi sau tara a bayan wani hafsa, kuma kowace safiya sai na duba allo na tabbata sunan yana nan. Da allin ya fara dusashewa na sake bin sa da hannuna.

Jiya na same shi a asibiti, a wani dogon ɗaki mai tagogi ta wajen teku. An naɗe rabin kansa. Idon hagu ya tafi, likita ya ce da an kawo shi da wuri wataƙila da an cece shi, wataƙila kuma a'a. Na dama yana gani. Ba zai sake tuƙa jirgi ba. Na tsaya a bakin gado da hulata a hannu, duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Shi ya fara magana: "Wa ya nuna maka hanyar asibitin? Na ɗauka sai ka biya ta Tarabulus, can yamma."

Na ce, "Yallabai, na zo ne in ce..."

Ya ce, "Zauna, Malam, kana tare mini teku. Ido ɗaya gare ni, ba na son a ɓata mini shi."

Na tambaye shi abin da ya hana ni sukuni, wato ko ya san yamma muke yi lokacin da ya tambayi lokaci. Ya ce bai sani ba. Ya ji ɗumi a kuncinsa na hagu, ya ɗauka ciwon ne. Daga baya ya ga kamar rana ce, amma kansa yana juyawa, ya kasa haɗa lissafin. "Abin da ya zo mini kawai shi ne layin babanka. Na ce bari in tambayi ɗan mai agogo lokaci, in akwai abin gani shi zai gani." Ka ji, Baba. Layin da Kaka ya kafa a daɓen shago shekara sittin da suka wuce, shi ya juyo da jirage biyu a tsakiyar hamada. Tun jiya nake juya wannan a raina, har yanzu bai daina ba ni mamaki ba.

Na ce masa duk da haka mintuna ashirin da huɗun nan suna wuyana. Ya ce ƙwarai suna nan, kada in yar da su, in kai su gaban allo in nuna wa duk sabon matuƙin da ya zo. Na riga na fara, kwamanda ya ba ni kamfas ɗin wani mataccen jirgi, kuma ban taɓa samun aji mai sauraro irin wannan ba.

Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina wasiƙar? Na san ka rubuta, kai ba ka iya shiru ba." Tana aljihuna tun ranar. Ya karanta ta a hankali, yana karkata kai, ya daɗe ƙwarai. Da ya zo kusa da ƙarshe sai ya kira ma'aikaciyar jinya ya ce ta ara masa alƙalami da tawada. Na ɗauka maganar kamfas zai shafe, ko ta mai, ko ta inda muka je. Duk ya bar su, ya ce ambulan ɗin zai tafi a jakar wani hafsa da za a mayar gida. Layi ɗaya kawai ya bi da tawada, sau uku, har takardar ta jiƙe.

Za ka ga wurin. Ba sunan gari ba ne, ba kuma sirrin soja ba. Abin da na rubuta shi ne, ni na kashe shi.

Ya hura tawadar ta bushe, ya sa hannu a ƙasa kamar kullum, ya ce, "Doka ta hana aika labarin ƙarya daga fagen fama, Saje. Cewa na yi ka fita da ni ka dawo da ni. Ga ni. Ban ce maka ta gajeriyar hanya ba."

Za a sa shi a jirgin ruwa bayan sabuwar shekara. Na ba shi adireshin shago. In wani dogon mutum mai ido ɗaya ya shigo wajen tsakar rana yana duban daɓe, ka matsar da kujerar nan daga kan layin, ka bar shi ya tsaya a inda nake tsayawa.

Ka gaida Hettie, yanzu kana iya nuna mata duka biyun.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Wilfred